Kawuna da Gwajin Cire Fulogi

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Bakina ya faɗi haka tun ranar Litinin ɗin da aka fito da Kawu daga shagonsa, amma zuciyata har yau tana jan ƙafa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun da ta rasu ina 'yar firamare, shi ya aurar da ni, shi ya koya mini sana'ar da nake ci da ita. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da faɗa yake yi.

Lungunmu na Goron Dutse ya cika ranar, har masu babur sai da suka canza hanya. Maza a tabarmi a waje, mata a tsakar gida, kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun gaba ba. Mai shayin bakin titi ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce wa zai ƙara yi masa faɗa a kan sukari. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Allah Ya jiƙan mai gyaran rediyo." Ta kusa da ita ta ce a'a, waya yake gyarawa. Wata kuma ta rantse cewa ma'aikacin wutar lantarki ne, ai kullum da wayar wuta a hannunsa. Ni ina zagayawa da butar ruwa ina amsa amin, raina kuwa yana tafasa. Mutum ya ƙare rayuwarsa a tsakiyar mutane, suna ƙaunarsa, suna ci da shi, amma babu wanda ya san abin da yake yi in ya shiga shago ya tura ƙofa! Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Jama'a, Kawu ba mai gyaran rediyo ba ne. Aikinsa girka manhaja, irin manyan nan da ma'aikata guda take dogara da su, asibiti ko makaranta ko kamfani. In an gama rubuta manhaja, shi zai ɗauke ta ya zaunar da ita a kan saba, wato babbar kwamfutar da take riƙe da ita dare da rana. Ya haɗa ta da rumbun bayanai, ya daidaita mata duk abin da take bukata, yadda ma'aikaci a kowane ofis zai buɗe shafi a kwamfutarsa ko a wayarsa ya tarar da ita tana jiransa. Bayan nan sai ya gwada ta. A wajen gwajin ne aka san shi, a nan kuma yake ɓatawa da mutane.

Ranar addu'ar uku aka ce ana sallama da ni a soro. Na fita na tarar da Likita, mai wani asibitin haihuwa a wajen Ƙofar Kabuga, wanda muka shafe watanni ni da Kawu muna yi wa aiki.

"Injiniya, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Likita."

Ya yi addu'a, ya shafa, ya tsaya yana murza hularsa. "Na san ba lokacin maganar ba ne, ki yafe mini. Litinin mai zuwa za mu buɗe sabon gini. Babu ɗakin kati a cikinsa, marigayi da kansa ya ce ba ma bukata. Ko dai ki ɗora mana manhajar yadda take, ko in kira mutanen nan da suka daɗe suna bina da tasu."

Na ce, "Saura gwaji biyu, Likita. Kai ma ka san bai sa hannu ba."

"Gwajin tara 'yan unguwa da na cire fulogi?" Ya yi ajiyar zuciya. "Injiniya, mai sa hannun ya tafi."

Wallahi da ba a makoki muke ba, da ya ji abin da bai taɓa ji daga bakin mace ba. Amma da na koma ciki na huce, na san ba mugunta ce ta kawo shi ba. Yana da masu ciki da za su yi layi a ƙofarsa ranar Litinin, dole ya san inda zai rubuta su. Ni ce dai na rasa inda zan sa kaina. Ko in fitar da aikin Kawu na ƙarshe ba a gama gwada shi ba, da sunansa a kai, abin da bai taɓa yi ba yana raye. Ko kuma a ture aikin gefe kamar ba a taɓa yi ba.

Bari in faɗa muku wane irin mutum ne, sai ku gane abin da ya sa zaɓin ya tsaya mini a wuya.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a jikin soro, da ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. A ciki akwai tebur, da kujeru biyu, da buzun salla, da wata tsohuwar saba da ya kira ta gwaji. Duk manhajar da za ta je wa mutane, sai ta fara zama a kan wannan. Ranar da na fara zama kusa da shi ina ta tsoron in taɓa wani abu ya lalace. Ya ce, "Lalata ta, Uwata. Don haka aka ajiye ta. Nan ne kaɗai wurin da za ki yi kuskure babu wanda ya kwana da ciwo saboda ke." Na kuwa lalata ta, ba sau ɗaya ba. Bai taɓa ɗaga murya a kan wannan ba.

Abin da yake ɗaga masa murya magana ɗaya ce, wadda duk ɗan sana'armu ya taɓa faɗa. Ka ɗora manhaja a kan saba ta ƙi tashi, sai ka ce, "Ai a kwamfutata tana aiki." In na faɗi haka sai ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Madalla. To naɗe kwamfutar taki mu kai asibiti, a ba ta gado, ta riƙa karɓar haihuwa."

"Haba Kawu, ni dai cewa na yi..."

"Na ji abin da kika ce. Buɗe rahoton saba ki karanta mini daga sama, ba daga inda ranki yake so ba."

Haka zai zaunar da ni in bi layi-layi, har in gano cewa na manta ban nuna wa manhajar hanyar rumbun bayanan ba, ko na bar mata ƙofar da wata manhajar ta riga ta tare. Ya san amsar tun kafin in buɗe baki, amma ko za ka mutu ba zai faɗa maka ba. Sai dai ya kurɓi shayinsa yana kallon rufi.

Inna, matarsa, ba ta taɓa sanin abin da akwatunan nan suke yi ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Abin da ta sani shi ne, wata bazara da zafi ya kai inda ya kai, ta shiga ɗaki ta tarar babu fanka. Ta bi sawu har shago, ta same ta tana fifita saba.

"Malam! Ni in gasu, akwati ya sha iska?"

"Ke in kin ji zafi za ki faɗa, Hajiya. Ita sai dai ta mutu shiru."

"To ta dafa maka tuwon dare."

Ta cika alkawari kuwa. Ranar gurasa muka ci daga bakin titi, ni da shi, a shago, fanka tana kaɗa wa saba. Washegari ya tafi kasuwa ya dawo da sabuwar fanka a bayan babur, ya ajiye mata a ƙofar ɗaki bai ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba, sai dai miyar ranar ta sha man shanu.

Gwaje-gwajensa suna da yawa, amma biyu ne na ƙarshe, su ne kuma waɗanda Likita yake yi wa kallon wasa.

Na farko shi ne na taron jama'a. Akwai manhajar da muke sa wa ta yi kamar mutane dubbai sun shigo a lokaci ɗaya, don a ga ko saba za ta ɗauki nauyin. Kawu yana amfani da ita, amma bai taɓa yarda da ita ita kaɗai ba. Mun sha yin musu a kan wannan, har yau kuma ina ganin ina da gaskiyata. Na ce masa, "Kawu, duniya ta wuce nan. Abin da na'ura za ta yi a minti ɗaya, kai sai ka tara unguwa?" Ya ce, "Na'urar taki tana da haushi? Tana danna maɓalli sau uku don ya yi mata nawa? Tana komawa baya a tsakiyar rubutu don an kira ta a waya? Mutanen ƙarya ladabi gare su, Uwata. Ni na gaske nake so." Don haka in aiki ya zo ƙarshe sai ya sayi ƙosai, ya sa a dafa shayi, ya bi maƙwabta gida-gida yana roƙo su zo da wayoyinsu bayan sallar Juma'a. Kowa ya buɗe shafin, ya ƙirƙiro suna, in ya ce "Bismillah" a danna tare. Bai taɓa samun yawan da yake so ba. Mutane su cinye ƙosan su zame. Kullum yana tattara kofuna yana mita: "Da zan samu lungun nan ya cika sau ɗaya, da na san gaskiyar akwatin nan."

Na biyu shi ne na cire fulogi. Ana cikin dannawar nan, bayanai suna kan shiga, sai a zare wa saba wuta gaba ɗaya, ba batir, ba janareta. A jira kaɗan, a mayar. Sannan a duba. Dokarsa ɗaya ce: ko bayanin mutum ya shiga duka, ko kada ya shiga sam. Rabi ne ba ya yafewa. Ya ce ya taɓa tsayawa a layin wani asibiti aka ɗauke wuta, da ta dawo sai ga sunan wata mata ya shiga amma sakamakon jininta bai bi shi ba, ma'aikaci kuma yana rantsuwa cewa komai yana ciki tunda ga suna. "In babu, za a sake tambayarta," in ji shi. "In rabi ne, babu mai tambaya. A haka za a ba ta magani."

Shi kuma ba ya cire fulogin da hannunsa, ni ma ya hana ni. Inna ce take cirewa. Ya ce duk wanda ya san na'ura yana tausayinta, hannunsa zai jira lokacin da ba za ta ji ciwo ba, ko da bai yi niyya ba. Inna kuwa ba ta san komai a kai ba, kuma tun maganar fanka tana riƙe da akwatin a ranta. Za ta shigo ta ƙofar ciki lokacin da ta ga dama, wani lokaci da ludayi a hannu, ta fizge waya ta tsaya tana kallonsa. Shi ya koya mata ta yi salati a ranta kafin ta mayar, don wutar da ta saura a ciki ta gama fita. Mai Ɗauke Wuta yake kiranta in yana son tsokana. Ta ce a duk aikin gidan nan babu wanda take yi da daɗin rai kamar wannan.

Akwai alherin da ya yi mini wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Shekarun baya na haihu, yaron bai zo da rai ba. Na dawo gida wanka babu jariri. Mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, ni kuwa ko magana ba na son yi, bango kawai nake kallo. Kawu bai ce mini ki yi haƙuri ba, ko sau ɗaya. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwata, sabar gwaji ta ƙi tashi, idona kuma yau ba ya gani sosai. Zo ki duba mini." Na ja jiki na je don kunyarsa. Na gano matsalar kafin azahar. Washegari ya sake zuwa, wai ta sake lalacewa. Haka kullum, yau kalmar sirrin rumbun bayanai ta canza, gobe wani fayil ya bar wurinsa. Sai da na fara cin abinci ina yi masa musu kamar da, sannan sabar ta warke. Daga baya Inna ta ce mini, "Ke ma dai! Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya shiga ya ɓata ta da hannunsa, ya zauna yana tunanin wadda za ta ɗauke ki har azahar." Ban taɓa nuna masa na sani ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Da aikin asibitin haihuwar nan ya zo, ni ya fara kallo kafin ya amsa, na ce mu karɓa.

A shagon ya rasu. Sabar asibitin tana kan tebur kusa da ta gwaji, mun gama ɗora mata manhaja, ya riga ya sa ranar Juma'a don gwaji biyun da suka rage. Na fita sayo wata wayar wuta. Inna ta kai masa shayin hantsi ta tarar ya kifa kai a kan tebur, tabarau a hannu. Ta ɗauka gyangyaɗi ne.

To, Juma'ar da ya sa ta zo ta wuce muna karɓar gaisuwa. Ni ban iya cin abinci ba. Jama'ar da zan tara, da wane baki zan tara su? In bi masu makoki in ce su fito da waya? Inna kuma tana takaba, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, ko ɗaga kai ba ta cika yi ba. Ko hauka nake yi ba zan je mata da maganar fulogi ba. Na yi tunanin in zare da kaina in ce an yi. Amma na san ƙarya ce, hannuna zai tausaya mata kamar yadda ya faɗa.

Ranar Asabar da hantsi na kai wa Inna kunu. Ta karɓa ta ajiye ba ta sha ba.

"Ya ce mini Juma'a zan cire masa," ta ce. "Juma'a ta wuce."

Ta ɗago ta dube ni.

"Na ji abin da mutumin nan ya faɗa miki a soro. Katangar ba ta da kauri. In ba a yi ba, aikin Malam ya tashi a banza ke nan?"

"Haka ne, Inna. In kuma an yi, akwatin zai iya ƙin tashi. Ko mu tarar da rabi, kuma babu lokacin gyara."

"Shi da yana nan, zai fasa saboda haka?"

"A'a."

"To gobe bakwai. Lungu zai cika."

Ya cika kuwa, fiye da ranar jana'iza, don waɗanda labari bai kai musu da wuri ba duk sun iso. Na aika wa Likita ya zo, ya zo. Bayan an shafa addu'a, kafin mutane su fara neman takalmansu, na sa hijabi na fita soro na durƙusa gaban Kawu Babba, yayan marigayi, wanda yanzu shi ne babban gidan. Na faɗa masa abin da muke so. Fuskarsa ta canza.

"Ke, kina da hankali kuwa? Gidan makoki ne nan ko gidan wasa? Ƙanena bai yi sati a ƙasa ba, ki ce in sa dattawa su fito da waya suna danne-danne? Me mutane za su ce?"

Na buɗe baki, kuma na san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofar ciki. Tunda nake ban taɓa jin ta sa baki a maganar Kawu Babba ba.

"Yaya, a gafarce ni. Amanar mutane ce a wuyansa, bai sauke ba Allah Ya ɗauke shi. Da kaya ne wani ya ba shi ajiya, ai da kai za ka fara cewa a mayar kafin a watse. Shekara nawa yana bin mutanen nan da ƙosai su zo su taya shi, ba su zo ba. Yau sun zo."

Kawu Babba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wayarsa, ya miƙo mini ita kamar mai miƙa abin da zai cije shi.

"Nuna mini inda ake dannawa."

Liman ne ya yi wa maza bayani, ya kuma yi shi da kyau fiye da yadda zan yi. Ya ce marigayi ya bar aikin da masu haihuwa za su amfana da shi, saura a tabbatar ba zai cuce su ba, duk mai waya ya taimaka. Ni na shiga tsakar gida na nuna wa mata. Kowa ya ƙirƙiro sunan mai ciki, ya cika abin da shafin ya tambaya, ya aika, ya sake wani. Tsohuwar nan mai cewa rediyo yake gyarawa ba ta da waya, ta zauna kusa da wata tana ba ta sunaye. Mai shayi ya tsaya a tsakiyar lungu, ya ɗaga murya yadda Kawu yake yi, ya ce, "Bismillah!" Muryarsa ta karye a tsakiya.

Na koma shago na zauna a kujerata, tasa tana gefe babu kowa. Likita yana tsaye a ƙofar waje. Ban taɓa ganin rahoton saba yana gudu haka ba. Ga masu danna sau uku, ga masu komawa baya, ga wanda ya rubuta lambar waya a wurin suna, duk irin mutanen da Kawu yake nema. Shafin ya fara nauyi, na ji wani a waje yana cewa tasa ta tsaya tana juyi. Sabar ta yi nauyi, amma ba ta faɗi ba, kowa ta karɓe shi a kan layi. Na ce a raina, Kawu, ga lungun ya cika, ga gaskiyar akwatinka. Hawaye ya hana ni ganin allon sosai.

Ban ji shigowarta ba. Allon kawai na ga ya yi baƙi, ƙarar fankar saba ta mutu. A waje aka ɗauki "Af! Ta ɗauke!" Na juya na ga Inna a bakin ƙofar ciki, cikin farin mayafinta, fulogi a hannu. Ba allon take kallo ba, kujerarsa take kallo. Leɓenta yana motsi da salati. Ta daɗe fiye da yadda ta saba, har na fara tunanin ko ta manta. Sannan ta sunkuya ta mayar.

Fanka ta juya. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Rumbun bayanai ya tashi ya tsaya yana duba kansa. Manhaja ta biyo baya. Na shiga na fara duba sunaye daga sama, ba daga inda raina yake so ba. Duk sunan da ya shiga, bayaninsa yana tare da shi cif. Waɗanda wuta ta yanke su a hanya babu su sam, har da na Kawu Babba, wanda ya daɗe yana rubutawa da yatsa ɗaya. Na bi har ƙasa, na sake bi. Babu rabi ko ɗaya.

Na ce, "Likita, gobe da safe za a kawo maka. Ni zan sa hannu."

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ya juya ya fita.

Inna tana nan inda take, hannunta a jikin bango kusa da soket.

"Ta dawo?" ta tambaye ni.

"Ta dawo, Inna."

"Ba abin da ya same ta?"

"Babu. Daga inda ta tsaya ta ci gaba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta matso ta dafa bayan kujerarsa, ta gyara mata zama ta fuskanci tebur.

"Ranar ma haka na yi," ta ce. "Na taɓa shi bai motsa ba. Sai na tsaya na yi salati, na jira, yadda ya koya mini. Na sake taɓa shi." Ta kalli fitilun saba suna ƙyaftawa. "Wannan da na zare wa wuta da hannuna, ga ta nan ta dawo."

Ta ja mayafinta ta koma ciki. Ni kuma na kifa kaina a inda ya kifa nasa, na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar Litinin.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa. Bai taɓa yarda ya miƙa wa bayinKa rabin aiki ba. Ka yi masa rahama cikakkiya, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna haƙurin da mu ba mu da shi da za mu ba ta. Amin.